Hannun Iro

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga ɗiyata Rabi'atu, wadda nake kira Uwata saboda sunan mahaifiyata da ta ci. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki kin sauka Zariya lafiya, Ya tsare ki a hanya da masauki, Ya sa ki iske gwaggonki da mutanen gidanta cikin ƙoshin lafiya. Na ba innarki ta sa miki ita a jaka, don na san halina. Idan na zaunar da ke in faɗa da baki, rabin maganar ba zan faɗa ba, in ƙare da cewa Allah Ya kiyaye hanya.

Ba zan tsaya jan kunne a kan salla da kamun kai ba. Innarki ta yi wannan, kuma ban taɓa samunki da sake ba. Abin da zan ba ki shi ne kurakuraina a wannan sana'a da kika zaɓa ta tsara rubutu. Ke da kwamfuta za ki yi, ni da buroshi da gwangwanin fenti na yi, amma ciwon da ke cikinta ɗaya ne. Na daɗe ina fama da shi, kuma har yau ban warke sarai ba. Hassada nake nufi.

Kin san Baba Iro na Shinkafi a kwance, hannunsa na dama a kan cinya. Ba ki san shi a tsaye ba. Tare muka koyi rubutun allo a wurin marigayi Malam Ɗanjuma, a wata rumfa kusa da tashar jirgin ƙasa nan Ƙaura, lokacin da jirgi ke zuwa ya kwashi gyaɗa da auduga. Na riga shi zuwa. Malam ya koya mana a shafa wa zare alli, a ɗame shi a kan allo, a ɗaga a saki ya bar layi, sannan a auna kowane harafi da rula kafin buroshi ya taɓa katako. Ni na riƙe wannan da hannu biyu. Har yau idan na ja layi ba za ki samu inda ya karkace ba. Shi kuwa Iro ba ya jiran zare. Zai tsoma buroshi, ya ɗan karkata kai, ya rubuta kamar mai rubuta wa abokinsa saƙo. Haruffansa sukan kwanta kaɗan zuwa dama, wani ya ɗara wani tsawo, wutsiyar wani ta leƙa ƙarƙashin na kusa da shi. Malam ya yi faɗa har ya gaji.

Wata rana wani mai shayi na bakin tasha ya zo neman allo. Malam ya ce kowannenmu ya rubuta, mai shayi ya zaɓa. Na yi wuni ina aunawa. Iro ya gama nasa kafin azahar ya tafi cin ƙosai. Da mutumin ya dawo, ya dubi nawa ya yaba, ya ce kamar na ofishin gwamnati. Sai ya ɗauki na Iro ya sa a hammata. Malam ya tambaye shi dalili, ya ce, "Wanga kamar yana kirana in zauna."

Maimakon in tsaya in dubi abin da mutumin ya gani, sai na ce ai wanda bai iya karatu ba ne ke zaɓen rubutun da kaza ta taka. Na faɗa a gaban Iro, na kuma faɗa a bayansa, na yi ta faɗa har na yarda da kaina. Shekaru na yi ina gaya wa duk wanda ya saurare ni cewa Iro bai iya rubutu ba, sa'a ce kawai. Ban ƙaru da komai ba. Shi kuwa ya koma garinsu ya buɗe rumfa a bakin kasuwa, direbobi suka san shi.

Uwata, a makaranta za a ba ku aiki ɗaya ke da wasu, a zaɓi na wani a bar naki. A wurin aiki ma haka. Idan hakan ta faru, ki kama bakinki a ranar. Kashegari ki je ki dubi aikin da aka zaɓa, ki tambayi kanki abin da mai zaɓen ya gani. Mai shayin nan bai yi makaranta ba, amma ya san abin da shagonsa yake bukata, kuma da na saurare shi da na fahimci abu guda tun ina saurayi: rubutu yana da murya. Miƙaƙƙen harafi yana magana kamar mai shela, wanda ya ɗan kwanta kamar na hannu yana magana kamar maƙwabci. Mai sayar da shayi maƙwabci yake so.

Kuskure na biyu ya fi na farko ban kunya, don bayan duk zagin da na yi, a ɓoye na fara kwaikwayonsa. Duk motar da ta tsaya a tashar Ƙaura da rubutun Iro a goshinta, sai in zaga in tsaya kamar mai duba taya. Ina kallon inda ya danna buroshi da inda ya sassauta, da yadda yake lanƙwasa ƙugiyar ƙ da ta ɗ. In koma rumfa in gwada a bayan tsohon kwano. Da na ga hannuna ya fara kamawa, sai na nemi inda zan nuna.

Wani mai kemis a Zurmi ya ba ni aikin allon shagonsa. Na zage na zuba masa rubutu mai kwanciya da lanƙwasa, har da ja da ruwan ɗorawa. Na ɗora a mota na kai masa da kaina, ina jiran yabo. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Malam Sani, wa zai sayi maganin ɗansa a shagon da allonsa ke wasa?" Ya ce in mayar in yi masa irin wanda ya san ni da shi. Na dawo da allon a saman mota, kowa yana gani.

Abin da ban sani ba a lokacin shi ne Iro ne ya turo mini mutumin. Wurin Iro mai kemis ɗin ya fara zuwa, Iro ya ce masa aikin kemis ba nasa ba ne, ya tafi Ƙaura wurin Sani. Haka yake yi ashe. Allon asibiti, na makaranta, na kotu, duk wanda ya kawo masa sai ya ce a zo wurina. Da na ji, ba godiya na yi ba. Cewa na yi yana cin tsoka yana jefo mini ƙashi.

Ki riƙe wannan, don a nan yaran kwamfuta suka fi faɗuwa. Na ga takardun da suke bugawa a Gusau. Da sun samu haruffa masu kama da rubutun hannu, sai su zuba su ko'ina kamar mai sabon gishiri. Na ga sanarwar rasuwa da irinsu. Na ga takardar asibiti da irinsu, har ba a bambance ɗaya da bakwai. Irin wannan rubutu yana da gidansa: katin biki da na suna, allon mai abinci, ledar sabulu, kalandar 'yan makaranta, goshin mota. Ba ya shiga inda kuskuren karatu zai cutar da mutum, ko inda ake kuka, ko allon hanya da direba zai karanta yana gudu. Ko a gidan nasa ma layi ɗaya ko biyu ya isa, sauran bayani ki ba miƙaƙƙun haruffa su ɗauka. Kada ki jera shi da manyan baƙaƙe zalla, don ba mai rubutun hannu haka. Kada kuma ki haɗa iri biyu nasa a takarda ɗaya, za su yi ta jayayya mai karatu ya rasa wanda zai saurara. Iro ya san iyakar hannunsa, shi ya sa bai taɓa jin kunyar da na ji a Zurmi ba. Idan wani ya turo miki aiki don ya san kin fi shi iyawa, ki gode masa. Kada ki tsaya neman wata manufa a ciki.

Kina firamare aka ba mu jiha. Ba za ki tuna yadda aiki ya zubo ba. Duk allon da ke ɗauke da sunan Sakkwato sai an goge an rubuta Zamfara: makarantu, ofisoshi, asibitoci, ƙofofin motocin hukuma. Wannan aikina ne, aikin rula da zare. Na zaga har Sakajiki da ƙauyukan bayanta a kan keke, ina rubuta allunan firamare. A lokacin na yi wa ɗakin innarki rufin kwano. Duk mai hankali zai ce Alhamdulillahi ya yi barci.

Ni ban yi ba. Iro ya rubuta wani farin ƙyalle na murna aka rataya a ƙofar kasuwar Shinkafi, kalmomi kaɗan ne, amma duk wanda ya ci kasuwa ya dawo sai ya ba da labarinsa. Na rubuta alluna ba iyaka, ba wanda ya tambayi mai rubutun. Shi ƙyalle ɗaya ya rubuta ana ta zance. Sai na ji abincina ya daina daɗi.

A cikin wannan hali ya zo har rumfata. Ya zauna a kan benci, muka gaisa, ya tambayi lafiyarku ɗaya bayan ɗaya da suna. Sannan ya kawo shawara mu haɗa hannu mu buɗe shago a Gusau, tunda can aiki ya koma. Ya ce shi zai riƙa rubuta kanun allo, ni in riƙa rubuta bayanin da ke ƙasa, ba wanda zai iya ja da mu. Gaskiya ya faɗa. Amma ni abin da na ji kawai shi ne shi a sama ni a ƙasa. Na ce masa ban saba aikin tarayya ba. Ya yi murmushi, ya ce Allah Ya sa haka ya fi alheri, ya karkaɗe rigarsa ya tafi tasha. Ban ko raka shi ba.

Da na yarda, da wataƙila a Gusau kika tashi, da kin taɓa kwamfuta tun kafin yanzu. Hassadata ba ni kaɗai ta tauye ba, har da ku. Saboda haka idan wanda ya iya abin da ba ki iya ba ya miƙo miki hannu, kada ki tsaya lissafin wa zai fito a sama. A allo mai kyau ba a raba kai da jiki.

Da aka ƙaddamar da Shari'a, sana'armu ta sake juyawa. Masu manyan motoci da yawa suka shafe hotunan da ke jikin bodinsu, zakuna da 'yan dambe da sauransu, suka ce a rubuta musu addu'a ko karin magana. Masu aski da teloli suka sauke allunan da aka zana kawunan mutane. Aikin da hoto yake yi na jawo ido, yanzu rubutu ne kaɗai zai yi shi. Wannan kuwa lokacin Iro ne. Direbobin shanu na Moriki da na hatsi na Kasuwar Daji suka riƙa yin layi a ƙofar rumfarsa. Zai rubuta kalma uku a goshin mota ka ga kamar motar ce ke magana. Ni kuma aka ba ni allunan zikiri na bakin hanya, aiki mai lada, na yi shi da alwala da natsuwa. Amma ko a kan tsani ina rubuta tasbihi, idan mota ta wuce da hannun Iro sai na waiwaya. Ki dubi irin wannan asara. Bakina yana ambaton Allah, zuciyata tana bin gingimari.

Ana cikin haka ciwon ya same shi. Wani direba ne ya gaya mini a tasha, ya ce Iro ya yanke jiki ya faɗi a rumfa, an kai shi asibiti, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Na yi salati, na ce Allah Ya ba shi lafiya. Amma ba zan ɓoye miki ba, a can ƙasan zuciyata na ji wani abu ya sauka, kamar an ɗauke mini kaya. Na tsorata da kaina, na yi istigfari, amma na ji shi. Saboda kunyar wannan na kasa zuwa dubiya. Innarki ta je da ke, ni na ce aiki ya riƙe ni. Yau gobe, yau gobe, har zuwan ya yi nauyi.

Masu motocinsa kuwa suka dawo wurina, kamar yadda na daɗe ina fata. Kin san abin da kowannensu yake faɗa da ya sauko? A yi masa irin na Iro. Rumfata ta cika da mutane, sunansa ne a bakinsu. Ban taɓa jin ƙanƙanta irin ta wannan lokaci ba. Faɗuwar wani ba ta ƙara wa mutum tsawo, Uwata. Idan kika ji abokin sana'arki ya shiga wani hali, ki tashi ki je a ranar, ko da zuciyarki ba ta gama wankuwa ba. Ƙafa takan ja zuciya. Ni na tsaya jiran zuciya ta ja ƙafa, shi ya sa na makara.

Yanzu na zo kanki, kuma nan ne ya fi mini wuyar rubutawa.

Da kika gama sakandare kika fara koyon kwamfuta a shagon buga takardu na bakin titi, na yi murna a fili, a ɓoye kuma na yi kishin na'urar. Abin da nake wuni ina aunawa, tana fitar da shi kafin a sha ruwa. Ranar da kika kai ni kika nuna mini haruffan da ke cikinta masu kama da rubutun hannu, na duba da kyau ina neman aibu, na kuwa samu. Kowane harafi idan ya sake fitowa tagwayen ɗan'uwansa ne, alhali hannun mutum ba ya maimaita kansa. Kuma ba su da ƙugiya. Na ga yadda kuke buga katin biki sannan ku bi da biro kuna ɗora wa ƙ da ɗ da ɓ ƙugiyoyinsu. Na yi dariya har da tafawa. Ke ba ki yi dariya ba. Kika ce ai shi ya sa kike so ki koyi yadda ake ƙera su, a samu na Hausa, daga hannun mutumin nan ƙasar, da ƙugiyoyinsa cif.

Na koma gida ban taka ƙasa ba. A raina na gama yanke cewa hannuna kike nufi. Wa kuma? Na sayo farin kwali, na fere fensir, na jera baƙaƙe manya da ƙanana da lambobi, na ajiye a bayan ƙofa ina jiran ki tambaya.

Sai kika zo bayan la'asar kika durƙusa, kika ce kina neman izini ki je Shinkafi da kawunki, ki ɗauki hotunan allunan Baba Iro da motocin da ya rubuta. Na tambaye ki me ya sa sai nasa. Ba da rashin kunya kika amsa ba, kanki a ƙasa yake. Kika ce, "Baba, irin naka kwamfuta tana da su da yawa. Irin na Baba Iro ne ba ta da shi."

Mai shayi ya zaɓe shi, direbobi sun zaɓe shi, duk na haɗiye. Amma ɗiyar cikina, wadda na riƙe wa hannu ta rubuta harafinta na farko, ita ma shi. Na ce ba inda za ki. Na kawo dalilai: hanya ba kyau, ba mutuncin ɗiya mace ba ne yawo a tasha da kyamara. Kin san ba su ne dalilin ba, ni ma na sani. Kika ce to, kika tashi. Kin ci gaba da kawo mini ruwan alwala kamar kullum, ni kuwa ina amsa gaisuwarki a taƙaice.

Damina guda ta wuce a haka. Innarki ce ta gaji. Wata safiya tana tankaɗe, ba ta ko ɗago ba, ta ce mini, "Malam, shekara da shekaru ina kallonka kana faɗa da mutumin da bai san ana faɗa ba. Na yi shiru don tsakaninku ne. Yanzu ka jawo ɗiyata ciki." Na fita ban karya ba, na dawo da azahar na ce ki shirya.

Amma jinkirin ya riga ya yi ɓarna. Ke da kanki kin gani. Ruwa ya cinye wasu allunan, masu shago sun sa an shafe wasu an liƙa bugun na'ura, motoci da yawa an sake musu bodi. Abin da hannun Iro ya rubuta ba zai sake rubuta shi ba, kuma wanda ya ɓace a wannan daminar ni na ɓatar da shi. Wannan nauyin yana wuyana. Idan Allah Ya ba ki iko a kan wani, ɗa ko almajirin sana'a ko na ƙasa da ke a ofis, ya zo da shawarar da ta fi taki, kada ki ce a'a a ranar da ranki yake ɓace. Kuma idan kin ga kina jero dalilai da yawa a kan abu ɗaya, ki binciki kanki, sau da yawa na gaskiyar ba ya cikinsu.

Kin tuna ranar da kika baje hotunan a kan tabarma a tsakar gida, kina yanka kina jerawa. Ina daga gefe ina gyaran buroshi, ina satar kallo. Na ga kin bar gurabe. Babbar Ƙ babu, babbar Ɓ babu, z ɗin da kika samu rabinta ya goge, wasu lambobin ma babu. Kika zauna kika yi tagumi. Ba ki tambaye ni ba, kuma ban ga laifinki ba.

Na tashi na ɗauko kwali da baƙin fenti. Na karkata kai yadda yake yi, na rubuta su ɗaya bayan ɗaya, ba zare ba rula. Kika dube su, kika dubi hotunan, kika dube ni. Yanzu kin san inda na samo su. Duk faɗin ƙasar nan ba wanda ya ƙura wa hannun Iro ido kamar ni. Masoyansa kallo ɗaya suke yi su wuce, ni ne nake tsayawa. Ban faɗi haka don in wanke hassada ba. Da so ne ya sa na yi wannan kallon, da na koyi abin nan a gabansa, muna hira, cikin rabin lokacin.

Ni na ce mu je Shinkafi tare mu nuna masa. Ranar kasuwa muka je, mota cike da 'yan tireda. Tun daga Ƙaura nake shirya abin da zan faɗa, da muka shiga zauren duk ya gudu. Ya rame, furfura ta cika masa gemu, bakinsa ya ɗan karkace. Ya miƙo mini hannun hagu. Na fara kame-kamen ban haƙuri a kan rashin zuwa, ya katse ni da tambayar ko har yanzu ina auna wasali da rula. Ya yi dariya har da tari.

Kika jera masa haruffan a gabansa, kika bayyana masa cewa idan an gama, mutum a Kano ko Maraɗi zai danna maɓalli hannunsa ya fito a takarda. Yana bin su da yatsan hagu, yana faɗin inda ya rubuta kowanne: wannan daga shagon tela ne, wannan daga motar wane. Da ya iso kan babbar Ƙ sai ya tsaya. Ya ɗago ya dube ni.

"Wagga ba tawa ba ce," in ji shi. "Ƙugiyar ta cika tsabta. Sani ne."

Na ce a kawo kwali in sake, ya nuna mini inda na kauce. Ya dafe takardar da tafinsa.

"A bar ta. Ni ban taɓa iya yin ta haka ba."

A hanyar dawowa kin ga na juya fuska wajen taga har muka wuce gonakin gero. Ba barci nake yi ba.

Kada ki ɗauka daga ranar na zama waliyyi. Jiya da na ga kina naɗe haruffan nan a cikin zane kina sa su a ƙasan akwati, a hankali kamar ƙwai, sai da na ji tsohon abin nan ya motsa. Har ke ma ina jin kishinki, in gaya miki gaskiya. Za ki zauna a aji a koya miki abin da na yi ta lalube a duhu, aikinki zai je garuruwan da ban taɓa takawa ba. Bambancin kawai shi ne yanzu idan ya motsa ina gane shi, in kira shi da sunansa, in yi wa wanda nake jin haushin addu'a da ƙarfi har kunnena ya ji. Malamai sun ce haka ake yi, na gwada, yana ragewa. Ke ma za ki ji shi wata rana, don jinina ce ke, kuma a Zariya za ki tarar da waɗanda suka fi ki. Jin sa ba shi ne laifin ba. Laifin shi ne ki bar shi ya yi magana da bakinki, ko ya yanke miki shawara.

Saura abu ɗaya. Kin ce kowane zubin haruffa ana raɗa masa suna, har kin tambaye ni ko a haɗa sunana da nasa tunda na cike gurabe. Ban ba ki amsa ba a lokacin. Ga amsar: ki sa sunan Iro shi kaɗai. Na daɗe riƙe da biro kafin in rubuta wannan layin, amma na rubuta, kuma ba zan soke ba. Idan kin buga takardar farko da su, kada ki aiko mini. Ki aika Shinkafi, shi ya fara gani. Kada kuma ki ɗauki lokaci, jikin nasa ba ya ƙaruwa.

Ki gaishe da gwaggonki, ki yi mata biyayya kamar yadda kike yi wa innarki. Ki ci abinci a kan lokaci, kada ki zauna gaban na'ura har idonki ya lalace. Allah Ya tsare mini ke daga sharrin hanya da sharrin mutane, Ya kare ki daga hassadar wasu, Ya kare wasu daga taki. Allah Ya sa albarka a hannunki, Ya ba Iro sauƙi, Ya dawo mana da ke lafiya. Na yafe miki duniya da lahira. Ni ma ki yafe mini daminar nan.

Wassalam.

Mahaifinki,
Sani mai fenti, Ƙaura.